JIKI MAGAYI: YADDA SABON MAI GUDU ZAI GANE KO YA WUCE ƘIMA

Kwanakin baya ne wani malamin asibiti ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci jawabi a ƙofar gidan mai unguwa, bayan sallar la'asar. Dattawa sun zauna a kan tabarmi, mata kuma suna saurare daga gefe guda. Samarin gari sun zo da yawa, domin maganar ta fi shafar su.

Dalilin taron shi ne, tun da aka ji labarin za a ɗauki sababbin sojoji da 'yan sanda, samari suka fara fita gudu a kan hanyar mota. Kowa yana so ya riga ɗan'uwansa. Ran nan wani saurayi ya makara, bai fita ba sai da hantsi ya ɗaga. Ya dage sai ya cim ma abokansa. Bai kai gadar bakin gari ba ya yanke jiki ya faɗi. A kan babur aka kai shi asibiti, inda ya kwana uku ana ƙara masa ruwa. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba. Ya warke, amma ranar tantancewa ta wuce shi yana kwance.

Shi ya sa mai unguwa ya roƙi malamin asibitin ya zo ya yi wa jama'a bayani. Ga abin da ya faɗa.

GUDU MAGANI NE, AMMA DA AWO AKE SHAN MAGANI

Bayan ya yi sallama ya gai da mai unguwa da liman, malamin ya ce bai zo ya hana kowa gudu ba. Ya ce motsa jiki yana ƙarfafa zuciya, yana rage hawan jini, yana kuma taimaka wa mai ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a shekarar 2020, ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Wato minti 30 ke nan a rana, kwana 5 a mako. In kuwa motsa jikin mai tsanani ne, minti 75 a mako ya wadatar.

Ya ce abin da ke cutar da sabon shiga shi ne rashin sanin awo. Da yawa suna zaton in mutum bai galabaita ba, to bai yi komai ba. Wannan kuskure ne. Ya tambayi manoman da ke wurin, wa ke ɗaura wa shanun huɗa garma tun safe har yamma a ranar farko ta damina? Suka ce babu. Ya ce haka mai doki ba ya fara ƙilisa da sukuwa. Sai ya yi kwanaki yana fita da shi a hankali kafin ranar hawan salla.

"To, 'yan'uwana," in ji shi, "tausayin da kuke yi wa sa da doki, ku yi wa jikinku irinsa."

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI

Malamin ya kwatanta jikin mutum da maƙera. Abincin da aka ci shi ne gawayi. Huhu shi ne zugazugi mai kawo iska. Zuciya kuma ita ce mai tura jini ya kai wannan iska ga tsokar ƙafa. Idan mutum ya ƙara sauri, tsoka tana neman ƙarin iska. Sai numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugawa.

Muddin iskar da ke shiga tana isar tsoka, mutum zai iya daɗewa yana gudu. Amma da zarar ya wuce abin da huhu da zuciya za su iya kawowa, sai haki ya kama shi, ƙafa ta yi nauyi, cinya ta ɗauki zafi. Daga nan ba zai daɗe ba zai tsaya, ko yana so ko ba ya so.

Ya ce wannan iyaka ba ɗaya ba ce ga kowa. Gudun da yake wasa ga wanda ya shekara yana buga ƙwallo, azaba ce ga wanda jiya ya fara. Don haka ba a auna gudu da saurin aboki. Kowa da jikinsa zai auna. Ya ce akwai awo guda huɗu, kuma babu wanda ake saye da kuɗi.

AWO NA FARKO: GAISUWA

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga sabon shiga. Mutum yana cikin gudu, sai ya gwada gai da abokin gudunsa cikakkiyar gaisuwa. In shi kaɗai ne, sai ya furta ta a fili: Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya aiki?

Malamin ya kasa amsar gida huɗu.

1. Idan mutum zai iya gaisuwa, har ma ya rera waƙa ba tare da numfashinsa ya yanke ba, motsin nasa mai sauƙi ne. Irin wannan ake yi don ɗumama jiki kafin a fara, da kuma hucewa bayan an gama.

2. Idan zai iya kawo gaisuwar duka, yana jan numfashi a tsakanin jimla da jimla, amma ba zai iya waƙa ba, to ya samu daidai. Wannan shi ne matsakaici. A nan ake so sabon shiga ya zauna.

3. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita, kamar "lafiya... lau", sannan sai ya ja numfashi, gudun ya yi tsanani. Sai ya rage sauri ko ya koma tafiya.

4. Idan magana ba ta fita sam, sai dai ya ɗaga hannu, ya wuce ƙima. Ya koma tafiya a hankali nan take.

Ya ce wani zai ga in ya bi wannan awo, gudunsa bai fi tafiyar mai sauri zuwa kasuwa ba. Babu laifi, kuma babu kunya a ciki. Ga mutane da yawa, tafiya da sauri ita ce matsakaicin motsa jikinsu a makonnin farko. Bayan wata ɗaya ko biyu, sai mutum ya ga yana sassarfa yana hira a wurin da a da yake haki. Alamar ci gaba ke nan.

AWO NA BIYU: YATSU GOMA

Malamin ya ce wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Borg ne ya shahara da wannan dabara. Shi ne ya nuna cewa idan aka tambayi mutum yadda yake jin wahalar aiki, amsar da zai bayar ba ta cika yin nisa da abin da na'ura za ta nuna ba. Wato jiki ya san halin da yake ciki.

Ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce a ɗauki yatsu goma. Zama a inuwa ba a komai, babu yatsa ko ɗaya. Yatsa goma kuma shi ne gudun ceton rai, irin wanda mutum zai yi in sa ya biyo shi. Sai mai gudu ya tambayi kansa, yatsa nawa nake yanzu?

Yatsa 5 ko 6 shi ne matsakaici. Jiki ya yi ɗumi, zufa ta fara tsattsafowa, amma mutum yana jin zai iya ci gaba. Yatsa 7 ko 8 shi ne mai tsanani. Yatsa 9 da 10 kuwa ba na sabon shiga ba ne. Ya ce a wata biyun farko, kada a wuce hannu ɗaya da yatsa ɗaya. Kuma a daina gudun tun mutum yana jin da sauran ƙarfi a jikinsa.

AWO NA UKU: BUGUN JINI

Daga nan ya sa kowa ya miƙa hannunsa na hagu, tafin hannu yana kallon sama. Ya ce a ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa. A danna kaɗan. Za a ji wani abu yana bugawa. Kada a sa babban yatsa wajen awon, domin shi ma yana da nasa bugun, zai rikita lissafi.

Ana duba agogo ko wayar hannu, a ƙirga bugun na sakan 15, sannan a ninka sau 4. Abin da ya fito shi ne bugun zuciya a minti ɗaya. Wanda ya ƙirga 18, in ya ninka sau 4 ya samu 72. Babban mutum da ke zaune yana hutawa, bugunsa kan kasance tsakanin 60 da 100. Wanda ya daɗe yana motsa jiki, nasa kan sauka ƙasa da haka, domin zuciyarsa ta yi ƙarfi.

Ya ce akwai lissafin da ake yi don kintatar iyakar bugun zuciya. A cire shekarun mutum daga 220. Ɗan shekara 20 iyakarsa kamar 200 ke nan. Ɗan shekara 40 kuma 180. Ba a so mai gudu ya kai wannan iyaka. Matsakaicin motsi yana tsakanin kashi 50 da kashi 70 cikin 100 na iyakar. Mai tsanani kuma daga kashi 70 zuwa 85.

Don sauƙaƙa wa ɗalibai, ya rubuta a allo abin da za a ƙirga cikin sakan 15 da zarar an tsaya da gudu:

Ɗan shekara 20: bugu 35 daidai ne, kada ya wuce 42.
Ɗan shekara 30: bugu 33 daidai ne, kada ya wuce 40.
Ɗan shekara 40: bugu 32 daidai ne, kada ya wuce 38.
Ɗan shekara 50: bugu 30 daidai ne, kada ya wuce 36.

Amma ya ja kunnen jama'a cewa wannan lissafi kintace ne kawai. Mutum biyu sa'o'in juna za su iya bambanta da bugu 10 ko fiye. Ga shi kuma ba kowa ne ya san ainihin shekarunsa ba. Goro da taba da zafin rana suna ƙara bugun. Zazzaɓi da ƙarancin jini ma haka. Wasu magungunan hawan jini kuma suna rage shi, har mutum ya galabaita alhali bugunsa bai hau ba. Saboda haka idan lissafi ya ce lafiya, amma gaisuwa ta ƙi fita, a bi maganar gaisuwa.

AWO NA HUƊU: WAYEWAR GARI

Malamin ya ce gudun yau, gobe da safe ake sanin ko ya yi daidai. Idan mutum ya tashi da ɗan tsamin jiki a cinya da ɗuwawu, wannan ba komai ba ne. Tsamin kan fi tsanani a kwana na biyu, sannan ya tafi da kansa. Amma idan ya kasa sunkuyawa ya yi alwala, ko ya kasa zuwa gona, ko barci ya ƙi zuwa, ko abinci ya fita masa a rai, to jiya ya wuce ƙima.

Ya ba da shawara kowa ya riƙa ƙirga bugun jininsa da asuba, kafin ya tashi daga shimfiɗa. Bayan mako guda zai san adadin da ya saba samu. Ranar da ya ga ya ƙaru da kamar 10 a minti, ya huta a ranar. Ko dai gajiya ba ta sake shi ba, ko kuwa zazzaɓi na tafe.

Ya kuma bambanta tsami da ciwo. Tsami yana bin dukkan tsoka, kuma yana raguwa in an motsa. Ciwo kuwa a wuri ɗaya yake tsayawa, kamar ƙwauri ko gwiwa ko agara, kuma yana ƙaruwa in an ci gaba da gudu. Ya ce huhu da zuciya suna sabawa da gudu da wuri, amma ƙashi da jijiyoyi sun fi jinkiri. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya gyaru a mako na uku, ya ƙara gudu da yawa, sai ƙwauri ya kwantar da shi. Wanda ciwo ya sa shi ɗingishi, ya dakata har sai ya warke.

GWANAYEN GUDU MA A HANKALI SUKE YI

Don ƙarfafa wa samari gwiwa, malamin ya kawo labarin Abebe Bikila na ƙasar Habasha. Soja ne cikin masu tsaron Sarki Haile Selassie. A shekarar 1960 ya ci gudun yada-ƙanin-wani a wasannin Olamfik na birnin Rum, wato gudun kilomita 42 da ɗoriya, kuma ba takalmi a ƙafarsa. A 1964 ya sake ci a birnin Tokiyo. Ya kuma ambaci Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya, wanda a 2019 ya yi irin wannan nisa cikin ƙasa da awa 2 a birnin Biyana.

Ya ce masana sun bi diddigin yadda gwanayen gudun famfalaki ke atisaye. Sun gano cewa kusan kashi 4 cikin 5 na gudunsu mai sauƙi ne, irin wanda ake yi ana hira. Kashi ɗaya ne kawai mai tsanani. "To idan waɗanda gudu ne sana'arsu ba sa tsere kullum," in ji shi, "ina dalilin da zai sa ku da kuka fara shekaranjiya ku mai da kowace safiya ranar gasa?"

TSARIN DA ZA A BI

Malamin ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son shiga aikin soja ko ɗan sanda ya fara shiri wata 3 kafin lokaci, kada ya jira sai an yi sanarwa. Ya ba da wannan tsari, wanda za a yi sau 3 a mako, ana barin kwana ɗaya na hutu a tsakani. Kullum a fara da tafiyar minti 5, a kuma rufe da tafiyar minti 5.

Mako na 1 da na 2: sassarfa minti 1, tafiya minti 2. A maimaita sau 7.
Mako na 3 da na 4: sassarfa minti 2, tafiya minti 2. A maimaita sau 6.
Mako na 5 da na 6: sassarfa minti 4, tafiya minti 1. A maimaita sau 5.
Mako na 7 da na 8: sassarfa minti 9, tafiya minti 1. A maimaita sau 3.
Mako na 9 da na 10: a gwada sassarfa minti 25 zuwa 30 ba tsayawa.

Ya ce ba dole ne kowa ya gama cikin mako 10 ba. Wanda ya shiga sabon mako ya ga gaisuwa ta ƙi fita, ya koma tsarin makon baya ya ƙara yi. Sannu ba ta hana zuwa. Sai wanda ya iya minti 30 yana hira ne zai fara ƙara sauri, shi ma sau ɗaya a mako ya isa. Kuma kada a ƙara nisa da sauri a lokaci guda.

ZAFIN RANA DA ƘURA DA AZUMI

A ƙasarmu, in ji malamin, rana ce babbar abokiyar gabar mai gudu. A watan Afrilu, ma'aunin zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri kan wuce 40. Cikin zafi, zuciya tana aiki biyu. Tana kai jini ga tsoka, tana kuma kai shi ga fata don jiki ya huce. Shi ya sa gudun da ya yi wa mutum sauƙi da hunturu zai yi masa tsanani da bazara. Ba ƙarfinsa ne ya ragu ba. Sai ya rage sauri har gaisuwa ta dawo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, ko da yamma lis in rana ta yi sanyi. A sa tufa mara nauyi. Ya gargaɗi masu sa rigar sanyi ko leda don su yi zufa da yawa. Ya ce ruwan jiki kawai suke zubarwa, kuma suna jawo wa kansu haɗari. A sha ruwa kafin a fita, a kuma sha bayan an dawo. Fitsari yana nuna hali: in fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya ishi jiki. In ya yi duhu kuma kaɗan ne, jiki na neman ruwa.

Ranar da hazo ya yi yawa da hunturu, mai ciwon fuka ya haƙura da fita. A watan azumi kuma a rage gudu, a mai da shi bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu. Mai gudu a bakin titi ya fuskanci motocin da ke zuwa, kuma ya sa farar riga in da sauran duhu.

ALAMUN DA KE CEWA TSAYA

Malamin ya ce akwai alamun da ba a yi musu jarumta. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya tsaya, a kai shi asibiti:

Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in yana tafiya zuwa hannun hagu ko wuya ko muƙamuƙi.
Jiri, ko ganin duhu, ko suma.
Bugun zuciya da ke tsallake, ko wanda ya ƙi sauka bayan an huta.
Haki mai tsanani da bai lafa ba bayan an daina gudu.
Tangaɗi, ko maganar da ba ta kan hanya, ko ciwon kai mai tsanani da amai.
Fitsari mai launin baƙin shayi bayan gudu mai wahala, tare da ciwon tsoka. Wannan alama ce cewa tsoka ta ji rauni, kuma yana iya taɓa ƙoda.

Idan zafi ya kayar da wani, a ɗauke shi zuwa inuwa nan take. A cire masa riga. A yi ta kwarara masa ruwan randa a kai da jiki, ana yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa, ko ruwan gishiri da sukari. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. A ci gaba da jiƙa shi har a isa asibiti. Ya roƙi iyaye kada su ce iska ce ta buge shi su zauna jira a gida, domin kowane minti yana da muhimmanci. A yi addu'a ana tafiya.

Ya kuma yi magana mai zafi a kan samarin da ke shan ƙwaya irin su Tramol don kada su ji gajiya. Ya ce ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi. Bakin jiki kawai take toshewa, ya kasa faɗa wa mutum ya wuce ƙima. Ga shi kuma tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, tana kama mutum har ya kasa bari.

TAMBAYOYIN JAMA'A

Wani dattijo ya ce, "Malam, mu da muke yini a gona, sai mun yi gudun nan mu ma?"

Malamin ya ce, "A'a Baba. Noma da faskare da jan ruwa a rijiya duk motsa jiki ne, kuma ana lissafa su." Ya ce wanda ya fi bukata shi ne mai yini a zaune, kamar mai shago da tela da direba, da kuma manomin da ke zaman rani ba aiki. Ya ƙara da cewa awon gaisuwa yana aiki a gona ma. Wanda ya saba yin kunya goma yana hira, in ya ga yanzu kunya biyu na sa shi haki, ya zo a duba shi.

Wata mata ta aiko da tambaya ko mata ma abin ya shafe su. Ya ce ƙwarai kuwa. Daka da surfe da ɗaukar ruwa aiki ne mai motsa jini. Wadda ba ta irin waɗannan, za ta iya zagaya tsakar gida da sauri na minti 10, sau 3 a rana. Mai juna biyu kuma ta nemi shawara a wurin awo.

Wani magidanci mai hawan jini ya tambaya ko zai iya farawa. Malamin ya ce mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, da wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, su fara zuwa asibiti a auna su. Yawancinsu da tafiya za a ce su fara. Kuma kada wanda ya bar shan magani don ya fara motsa jiki. Mai zazzaɓi ko gudawa kuwa ba shi ba gudu sai ya warke sarai.

Daga ƙarshe wani saurayi ya ce an taɓa auna jininsa aka rubuta masa AS, ko hakan zai hana shi gudu? Malamin ya ce ba zai hana ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya haka jininsa yake, kuma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. AS ba ciwon sikila ba ne. Amma an lura cewa mai irin wannan jini ya fi shiga haɗari idan ya yi gudun ƙure ƙarfi farat ɗaya, cikin zafi da ƙishirwa. Don haka ya bi tsarin sannu a hankali, ya sha ruwa, ya huta in jiki ya nema. Mai SS kuwa sai da shawarar likita.

RUFE TARO

Malamin ya taƙaita jawabinsa da abu huɗu. A yi gudun da za a iya gaisuwa a cikinsa. Kada a wuce yatsa 6. A riƙa ƙirga bugun jini. A duba yadda aka wayi gari. Ya ce wa samari su riƙa fita biyu-biyu, kowa ya zama mai lura da ɗan'uwansa, kuma mai ƙarfi ya bi saurin mara ƙarfi.

Mai unguwa ya yi godiya a madadin jama'a. Ya ce daga yau ba ya so ya ga yaro a kan hanya yana gudu bayan hantsi ya ɗaga. Malamin aji kuma ya ba ɗalibai aikin gida. Kowa zai ƙirga bugun jininsa da asuba na kwana 7, ya ninka sau 4, ya rubuta a littafinsa, ya kawo aji a duba. Liman ya yi addu'ar Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma ba samarin gari sa'a a abin da suke nema. Aka shafa, aka tashi sallar magariba.